Aikin da Ba Shi da Mai Shi Ba Ya Ƙarewa

Da wuya a sami malamin da bai taɓa zama a farkon zango ya jera ayyukan da ke gabansa ba: shirin darasi, cika rajista, duba littattafan yara, shigar da makin gwaji. Kafin mako na huɗu takardar ta nutse a ƙarƙashin tarin littattafai. Ƙarshen zango na zuwa, sai ga malam yana raba dare a kan sakamakon jarrabawa, iyali sun gaji da jira sun kwanta. Reshenmu ma bai tsira daga wannan ciwo ba. Mukan tashi daga taro da ƙudurori a kan ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, mu dawo taro na gaba mu tarar da su inda muka bar su.

Wasu na ganin maganin yana cikin manhajar waya. Manhaja tana da amfaninta, amma abin da aka zuba mata shi take riƙewa. Wanda ya rubuta "batun fansho" ya rubuta damuwa ce kawai, babu ta inda hannu zai kama. David Allen, wani marubuci ɗan Amurka, ya yi bayanin wannan a littafinsa Getting Things Done na shekarar 2001. Shawararsa ita ce a rubuta takamaiman matakin da za a ɗauka nan gaba, a yi duk aikin da bai wuce minti 2 ba nan take, a kuma sake duba jerin sau ɗaya kowane mako. A nan "batun fansho" zai koma "a karɓo sunayen waɗanda suka ajiye aiki bana daga shugabannin makarantu kafin Alhamis". Wannan kam aiki ne da za a iya tambayar wani ko ya yi shi.

Don haka muke kira ga kwamitin zartarwa da ya sauya yadda ake rubuta ƙudurorin taro. Kowane ƙuduri ya fito da mataki na farko, da sunan wanda aka ɗora wa, da ranar da zai kawo bayani. Sakatare ya buɗe kowane zama da karanta na baya kafin a taɓa sabon batu. A kuma rage yawansu, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Ga malami a ajinsa, littafin rubutu guda ɗaya ya isa. Komai ya shiga cikinsa, a zaɓi uku kowace safiya, a keɓe rabin sa'a a ƙarshen mako a duba abin da ya saura.

Dattijon da ya yi shekara 35 riƙe da alli yana can yana jiran takardarsa ta motsa. Mantuwarmu a kansa take faɗawa, kuma gobe mu ne a layin. Mu fara gyara daga taro mai zuwa.