Indomi da Ƙwai ko Kabonara? Tsokaci a Kan Aron Suna da Aron Dabara

Wani dare cikin makon jiya ina zaune a falo, tulin takardun jarrabawar ɗalibai a gabana, uwargida kuma ta tafi biki garinsu, sai 'yata ta fari, wadda ke aji biyu a jami'a, ta dire mini faranti. Taliyar nan ce ta 'yan zamani da kowa ke kira indomi, amma ba yadda na saba ganinta a teburin mai shayi ba. Babu soyayyen ƙwai a samanta, babu jan tumatir. Wani romo ne mai kauri, ruwan ɗorawa, ya lulluɓe kowane sili, an barbaɗa masoro da gutsattsarin kilishi. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Abba, kabonara ce. Minti goma kawai ta ɗauke ni." Na ci, na suɗe, ban kuma ji kunyar neman ƙari ba.

Washegari na ba wani abokin aikina labari, wanda ya yi shekara huɗu yana karatu a Italiya. Ban rufe baki ba ya ɗaga hannu. "Haba Dakta! Kai da ka san darajar kalma? Wannan ai cin zarafin suna ne. Da Baitaliye zai ga abin da kuka ci, da sai ya yi kuka." Muka yi dariya muka rabu, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin gardamar da muka taɓa a kan faranti ita ce dai gardamar da muka shekara muna yi a kan harshe: wa ke da ikon mallakar suna, kuma yaushe ne kayan aro ke zama na gida? Wannan ne dalilin da ya sa na ga ya dace in kawo batun gaban mai karatu.

Bari mu fara ba abokin nawa haƙƙinsa. A wurin mutanen birnin Rum, kabonara tana da ƙa'ida mai tsauri. Abubuwa biyar ne ake haɗawa: taliya, ƙwai (galibi gwaiduwa), cuku mai tauri na nonon tumaki da suke kira pecorino, baƙin barkono irin masoro, da busasshen naman kumatun alade da suke kira guanciale. Ba a sa madara mai kauri, ba a sa albasa, ba a sa tafarnuwa. Idan haka ne, to tun daga tushe Musulmi ba shi da rabo a kabonarar asali, kuma abin da 'yata ta dafa ya saɓa wa ƙa'idar ta fuska uku ko huɗu. Italiyawa kuwa ba sa wasa da wannan lamari. Tun 2017 suka ware ranar 6 ga Afrilu ta kowace shekara domin bikin wannan abinci, kuma a 2024, lokacin da kamfanin Heinz ya fito da kabonarar gwangwani a Ingila, ministar yawon buɗe ido ta Italiya, Daniela Santanchè, da kanta ta fito ta yi tir da abin.

To amma da mutum ya tona tarihin, sai ya tarar da abin mamaki. Wannan abinci da ake karewa kamar gadon kaka da kakanni bai kai shekara ɗari ba. Littafin girke-girken birnin Rum da Ada Boni ta wallafa a wajajen 1930 bai ambace shi ba. Sunan ya fara bayyana a jaridun Italiya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma masana da dama na danganta haihuwarsa da zuwan sojojin ƙawance birnin Rum a 1944, waɗanda suka zo da guzurin ƙwai da naman alade a lokacin da gari ke fama da yunwa. Bayanin yadda ake dafa shi ya fara fitowa a rubuce a 1952, a wani littafin jagora ga gidajen cin abinci na birnin Shikago a Amurka. Da mujallar La Cucina Italiana ta buga nata a 1954, har da tafarnuwa a ciki, cukun kuma irin na Suwizalan ne. Wato abin da a yau ake kira bidi'a, shi ne a jiya aka buga a matsayin ƙa'ida. Da masanin tarihi Alberto Grandi na Jami'ar Parma ya faɗi irin wannan magana a hirarsa da jaridar Financial Times a 2023, ƙura ta tashi a Italiya kamar ya zagi iyayen ƙasa.

Duk wanda ya karanci harshe ya san wannan hali. Al'umma takan ari abu, ta goge shi, ta saba da shi, sa'an nan ta manta cewa aro ne, ta kuma ɗauki sanda tana korar duk wanda ya zo da sabon aro. Tumatir ɗin da Italiya ke tinƙaho da shi daga nahiyar Amurka ya zo mata a ƙarni na 16. Mu ma nan gida haka abin yake. Masara da rogo da gyaɗa duk baƙi ne daga waccan nahiya, amma wa zai ce tuwon masara ko ƙuli-ƙuli ba abincin Bahaushe ba ne? Alkama da shayi da gurasa sunayensu daga Larabci suka zo, burodi da tumatir daga Turanci. Yau idan Bakano ya ce gurasa tasa ce, ba mai ja da shi, domin ya yi mata bandashe, ya sa mata ƙuli da yaji, ya mayar da ita abin da Balarabe ba zai gane ba.

Ita kanta taliyar da ake gardama a kanta 'yar aro ce tun daga haihuwa. Kalmar ramen da Japanawa ke kiranta da ita daga Sinanci ta samo asali. Wanda ya ƙirƙiro nau'inta na sauri, Momofuku Ando, haifaffen Taiwan ne, kuma a 1958 ya fito da ita a Japan bayan ya gano cewa idan aka turara taliya aka soya ta cikin mai na ɗan lokaci, ruwan jikinta zai fice ya bar ƙananan ramuka, ta yadda da ta ji ruwan zafi sai ta farfaɗo cikin 'yan mintuna. A 1971 kamfaninsa, Nissin, ya ƙara fito da ta kofi. A yau duniya na cin sama da ƙunshi biliyan 100 a shekara, kuma Nijeriya ce kan gaba a Afirka. Ta iso mana ne ta hanyar Indunisiya, inda sunan Indomie ya haɗa sunan ƙasar da kalmarsu ta taliya. An fara shigo da ita a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Kafin a ankara sunan kamfani ya zama sunan jinsi, kamar yadda omo ya zama sunan kowane garin sabulu, magi ya zama sunan kowane ɗanɗano. Mai shayi ya ɗauke ta ya haɗa da attaruhu da albasa da ƙwai, ta zama tamu.

A matsayina na ɗalibin harshe, har a bakin 'yata na tsinci darasi. Baitaliye yana furta harafin "r" a gaɓar farko ta sunan, kuma Bahaushe ba ya jin wahalar wannan, tunda yana cewa karɓa da karya. Amma ita "kabonara" ta ce, ta yar da harafin, kamar yadda kakanninta suka yar da shi a kati da kafinta da kafet. Wannan ya nuna cewa kalmar ba daga Italiya ta zo mata kai tsaye ba, ta biyo ta Turancin da ake yi a ƙasar nan ne, ta wayar hannu. Sa'an nan ta ce "kabonara ce", ta ba ta jinsin mace saboda ta ƙare da wasalin "a", ba tare da wani ya koya mata ba. Hausa ta riga ta fara yi wa baƙuwar kitso. Asalin sunan ma abin sha'awa ne, domin daga kalmarsu ta gawayi ya fito, ma'anarsa kusan "irin ta masu gawayi". Ashe abin da ake yi wa kallon abincin manya, sunan talakawa yake ɗauke da shi.

To, me 'yata ta aro a haƙiƙa? Na tsaya a kanta ta sake dafawa ina kallo. Ta fasa ƙwai ɗaya ta ƙara gwaiduwar wani, ta kaɗa su a kwano da cokali uku na gogaggen cuku da masoro. Ta ɗan soya gutsattsarin kilishi a man shanu kaɗan. Ta dafa taliyar minti biyu kacal, ta ɗebi rabin kofi na ruwan dahuwar ta ajiye, ta tsame taliyar ta zuba cikin kaskon kilishin. Daga nan ta kashe wuta, ta ɗan jira, ta zuba ƙwan tana juyawa da sauri tana ɗiga ruwan dahuwar kaɗan-kaɗan har romon ya yi santsi. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar kuwa kashi ɗaya cikin uku kawai ta sa. Sirrin duka yana wurin kashe wutar. Gwaiduwa takan fara kauri ne a wajajen digiri 65 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, idan zafi ya zarce haka da yawa sai ta dunƙule ta zama soyayyen ƙwai. Sitacin da ke cikin ruwan dahuwa shi ke riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, ya kuma hana ƙwan tsinkewa. Ta ce sau biyu tana ɓata shi kafin ta gane, domin gaggawa ta hana ta sauke kasko. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, ga shi ya tabbata har a abincin sauri.

Wannan dabara ita ce abin aro na gaskiya, kuma ban ga laifin ɗaukarta ba. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta da risho ɗaya, ko ma'aikaciyar asibiti da ta dawo gida ƙarfe tara na dare, idan suka koyi yadda ƙwai biyu za su zama miya, sun ƙaru. Wanda bai da kuɗin cukun kanti ma yana iya gwada cukun da ake kawowa daga Nijar, a daka shi lukui. Ba ya narkewa kamar na Rum, amma yana ba da ɗanɗano. Abin kula kawai shi ne ƙwan ya zama sabo, kuma tunda ba ya dahuwa sosai, gara a dafa wa mai juna biyu da ƙananan yara nasu ya nuna sarai.

Sai dai akwai inda nake komawa bayan abokina, ko da yake dalilina daban ne da nasa. Shi yana kishin Italiya, ni ina kishin gida. Na tambayi 'yata, da an kira abincin nan "indomi mai romon ƙwai", za ta yi ɗokin dafa shi? Ta yi murmushi ta ce, "Gaskiya Abba, da wuya." Nan gizo ke saƙar. Suna linzami ne, kuma linzamin 'ya'yanmu yana hannun wasu. Yarinyar da ta haƙura ta ɓata ƙwai huɗu domin ta ƙware a girkin Rum, ba ta taɓa tsayawa ta koyi kaɗa miyar kuka ba tare da gudaji ba, alhali ilimin kusan ɗaya ne: sanin zafi, sanin lokaci, da saurin hannu. Ɗanwake ma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, ga shi da wake a cikinsa. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mu iyaye da malamai ne muka bar girkinmu ba rubutu, ba awo, ba bayani, muka bar shi a matsayin aikin da ake koya da tsawa, yayin da na wasu ke zuwa da hoto da ma'auni da labari mai daɗi.

Akwai kuma batun lafiya da aljihun ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma ƙunshi guda na irin wannan taliya, kowane kamfani ya yi ta, yana cinye kaso mai tsoka na wannan adadi idan aka juye garin ɗanɗanon duka. A ƙara cuku da kilishi, sai lissafi ya haura, a ƙasar da hawan jini ya zama ruwan dare. Sa'an nan kowane sili alkama ne, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake sayo ta. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka ɗage hanin a 1992, kuma har yau noman da ake yi a Kadawa da Haɗejiya bai kusa cike giɓin ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya dace ya zama mafitar daren da aka gaji, kada ya zama tuwon kullum.

Saboda haka matsayina shi ne: a dafa, a ci, a kuma kira shi kabonara idan an ga dama, domin tarihi ya nuna cewa babu al'ummar da ta taɓa ɗaure suna a turke. In kalmar za ta zauna a Hausa, za ta zauna ba da izinin malaman jami'a ba, in kuma za ta wuce, za ta wuce kamar sauran yayi. Abin da ke hannunmu shi ne mu yi wa abincinmu irin hidimar da Italiyawa suka yi wa nasu. Cikin shekara saba'in kacal suka ɗauki abincin lokacin yunwa suka rubuta shi, suka auna shi, suka ware masa rana, har duniya ta ɗauka tsohon gado ne. Mu da ke da fura da dambu da miyar taushe tun kafin a haifi kakanninmu, me muke jira? Sassan nazarin Hausa da na kimiyyar abinci a jami'o'inmu za su iya haɗa kai su tattara girke-girkenmu da awo da bayani kafin tsofaffin da suka san su su ƙare.

Ni dai na riga na ƙulla yarjejeniya da 'yata. Ita za ta koya mini kashe wuta a kan lokaci, ranar Asabar kuma za ta je wurin kakarta da littafi da biro, ta rubuto mana miyar kuka daga farko har ƙarshe, da ma'auni. Allah Ya sa mu dace.