A Yi Hattara Wajen Juya Faifan Blu-ray Zuwa DVD

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana masu shagunan faifai da mutanenmu na ƙauye da ke kawo mana aiki, game da manhajar da ake juya faifan Blu-ray zuwa DVD da ita. Kuɗin talakawa na salwanta a wannan harka, mai shago kuma yana asarar mutunci a banza.

Dalilin juyin dai sananne ne. Wani ɗansa ya aiko masa da hoton biki ko na saukar karatu daga ƙasar waje a kan Blu-ray, alhali na'urar da ke gidansa DVD ce. Ko ya kwana yana tura faifan ba za ta karanta ba, domin Blu-ray, wanda ya fito a 2006, da shuɗin haske ake karanta shi, DVD kuwa da jan haske. Haka ita ma kwamfutar mai shago, in ba ta da mazubin Blu-ray, babu manhajar da za ta yi masa komai. A fara sayen mazubin tukuna.

To jama'a, ga abin da nake so kowa ya riƙe. Faifan Blu-ray mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 25, mai hawa biyu 50. DVD na kasuwa 4.7 kawai yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. Hoton Blu-ray ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, na DVD irin namu kuwa 720 da 576. In ka buga lissafi, kashi ɗaya cikin biyar ne daidai ya rage. Ashe ke nan duk wanda ya rubuta maka HD a bangon DVD, ya kuma ƙara maka kuɗi a kan haka, ya cuce ka. Ruwan tulu ba ya shiga moɗa, sai an zubar da wani. Manhaja mai kyau ita ce wadda ta san abin da za ta zubar, hoton ya fito sumul.

Ni a ganina, ɗan kasuwa mai ƙaramin jari bai kamata ya ruga wajen manhajar nan ta kuɗi da wasu yara ke fasawa suna sayarwa a kan filashi ba. Sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, ta lalata kwamfutar da ake cin abinci da ita. Mai hali ya sayi ta gaskiya, irin su DVDFab ko ConvertXtoDVD, daga hannun masu ita. Mara hali kuwa akwai DVDStyler, kyauta ce, tana mayar da hoton tsarin MPEG-2 wanda shi DVD ya sani, ta shirya jerin zaɓi na farkon faifai, sannan ta buga. Wasu sun fi son su shirya da ita su buga da ImgBurn, ita ma kyauta, sai dai a kula da inda aka sauko da ita.

Akwai wata mai suna HandBrake da ake yawan yabo, kuma ta cancanci yabon, amma ba DVD take yi ba. MP4 da MKV take fitarwa, na waya da kwamfuta. Sai ka ga yaron shago ya kwashi MP4 ya zuba a faifai ya miƙa wa dattijo, dattijo ya hau mota har ƙauye, ya tara iyali, na'ura ta ƙi. Wa zai biya shi kuɗin motar dawowa? Faifan DVD na gaskiya, in ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga jaka mai suna VIDEO_TS. In babu ita, kada ka karɓa.

Sannan a duba manhajar tana ba da damar zaɓen PAL, domin shi ne tsarin Nijeriya, ba NTSC na Amurka ba. Sababbin na'urori suna cin duka biyun, amma tsohon akwatin talabijin yakan nuna NTSC baƙi da fari, ko hoton ya dinga rawa. A kuma zaɓi faɗin hoto na 16:9, in ba haka ba amarya ta fito doguwa siririya kamar tabarya. Sauti ma a mayar da shi Dolby Digital mai baki biyu, don yawancin gidaje lasifikar talabijin kaɗai gare su.

Inda muka fi ɓata aiki shi ne haɗama. Faifan 4.7 awa biyu yake ɗauka da kyau. Da an cusa masa awa huɗu ko biyar, fuskoki sai su farfashe, musamman wajen rawa ko gudu. A raba aikin faifai biyu, a faɗa wa mai shi gaskiyar kuɗin. A buga a hankali, kamar gudu 4 ko 6, a kan DVD-R, wanda tsofaffin na'urori suka fi sabawa da shi. Kuma kowane shago ya ajiye tsohuwar na'ura guda, a gwada faifan a gaban mai shi kafin ya biya.

Edita, kada wani ya ɗauka ina koyar da satar fasaha ne. Finafinan kamfani da ake sayarwa a kan Blu-ray a kulle suke da wani makulli mai suna AACS, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta hana fasa irin wannan makulli, balle a buga a sayar. Faifan biki, da na suna, da na walima ba su da makulli, a kansu nake magana. Wanda ya kawo mini fim ɗin kamfani in buga masa kwafi hamsin, haƙuri nake ba shi.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa da su sa dokar gwaji kafin biya a kowane shago, wanda kuma faifansa ya ƙi yi a gida a sake masa kyauta.



Naku,
Wani mai shagon faifai,
Kano.