Mutumin da Ke Kan Falwaya Ɗan'uwanmu Ne

Idan wuta ta ɗauke, wanda ke kusa shi ke shan zagi. Masu kamfani suna ofis, hukumar NERC mai yanka farashi tana Abuja, sai yaron da ya shigo unguwa da tsani da filaya. Har yau "ɗan NEPA" muke ce masa, alhali NEPA ta zama PHCN tun 2005, ita ma aka yanyanka ta, aka miƙa kamfanonin rarraba wuta 10 daga cikin 11 ga 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba, 2013. Wannan yaro bai sayar da komai ba, bai kuma ƙara wa kowa kuɗin wuta ba.

'Yan'uwa malamai, akwai bashin da ma'aikatan lantarki ke bin mu. A ranar 3 ga Yuni, 2024, da NLC da TUC suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, 'yan ƙungiyar NUEE ne suka kashe babban layin wutar ƙasa tun kafin gari ya waye. Kashegari aka jingine yajin, domin gwamnati ta dawo teburin tattaunawa da gaske. A watan Yuli aka sa hannu kan Naira 70,000, daga 30,000. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: malami yana iya rufe aji wata uku babu wanda ya girgiza, tunda 'ya'yan masu mulki ba a ajinmu suke zama ba. Amma duhu ba ya tambayar muƙami. Mutanen Kaduna sun ga haka a watan Mayun 2021, lokacin da aka yanke wa jihar wuta saboda korar ma'aikata, a jihar da ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 a 2017.

Masu suka za su ce asibiti ma duhun ya shafe shi, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara. Suna da hujja. Makami ne mai kaifi biyu, kuma bai kamata a zare shi kan ƙaramar rigima ba.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su da katin ƙungiya ko ɗaya. Da yawa daga masu hawa falwaya da masu raba takardar kuɗin wuta ma'aikatan wucin gadi ne, waɗanda aka ɗauka ta hannun 'yan kwangila. In wuta ta ja ɗayansu, wa zai tsaya wa matarsa? Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, asusun NSITF yana nan, sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya. Sai dai doka ba ta da ƙafar zuwa ofis. Sakataren ƙungiya ke kai ta. Halin da suke ciki bai bambanta da na ƙannenmu masu koyarwa a makarantun kuɗi ba, waɗanda ake sallama da baki ranar Juma'a.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su gayyaci jami'an NUEE na yankinmu zuwa taronmu na gaba, mu ji kokensu daga bakinsu. Duk mai ɗa ko ƙane da ke wannan aiki, ya tambaye shi a daren nan ko sunansa yana cikin rajistar ƙungiya.