KITSEN ROGO: INA ƘAUYEN DA ZA A KOMA?

Ya ku 'yan'uwana talakawa, makon jiya wani abokina ɗan tireda a kasuwar Gummi ya ba ni aron wani tsohon littafi wanda bangonsa duk ya yage. Sunansa Kitsen Rogo, na Malam Abdulƙadir Ɗangambo, an buga shi a ƙarshen shekarun 1970. Na zauna da shi bayan sallar lisha, ban tashi ba sai da na kai ƙarshe, sa'an nan barci ya ƙaurace mini.

Labarin wani saurayi ne ɗan ƙauye wanda ya raina gona, ya tafi birni neman arziki. Can ya faɗa hannun miyagun abokai, ya shiga sata da ta'asa. Abin da ya hango daga nesa kamar kitse, da ya kai baki sai ya tarar rogo ne. Nufin marubucin a fili yake, watau samari su zauna gida su riƙe fartanya, birni ba wurin kowa ba ne. A zamaninsa maganar ta dace, domin a 1976 ne Gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin nan na ciyar da ƙasa, ana ta kiran jama'a su koma gona.

Lalle malamin ya faɗi gaskiya a kan birni. Duk wanda ya taɓa kwana a tashar mota a Gusau ko Sakkwato ko Kano ya ga yaran ƙauyukanmu suna dako da rana, da dare su kwanta a rumfar wani. Wasu Allah ya tsare su, wasu kuwa ƙwaya da daba sun cinye su. Ban musa wannan ba ko kaɗan. Amma da na rufe littafin sai na tambayi kaina, in yau wannan saurayi ya tuba ya ce zai koma gida, wane ƙauye zai koma?

Bagega zai koma, ko Dareta, ko Abare, ko 'Yargalma? A waɗannan garuruwa na ƙasar Anka da Bukkuyum ne gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Talauci ya sa mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, ƙurar kuwa cike take da guba, yara suna wasa a cikinta suna shaƙa. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka zo daga ƙasashen waje suka tsaya a kan magani. Mutanen Bagega sun yi ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe ƙasar da ta gurɓata. Zinariyar ta tafi birni, kaburbura suka rage mana.

Ko kuwa ƙauyukan da ɓarayin daji suka afka wa a watan Janairu na 2022 zai koma? Mutanen wurin sun ce an kashe kimanin 200, Gwamnatin Jiha ta ce 58 ne. Ko da 58 ɗin ne, ai rai ba ƙwayar gero ba ce.

Ku 'yan kasuwa ba sai na tuna muku 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya a Zamfara duka, wai don a matsa wa ɓarayi. Wa ya fi shan matsin? Mai tallar gishiri da mai sayar da akuya ɗaya don ya sayi hatsi.

Ga kuma wani abin takaici. Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950 iyayenmu suka sha ɗauri da bulala a kan zaluncin haraji da jangali, har aka wayi gari a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Yau ga haraji ya dawo ta bayan gida. Ɗan bindiga ne ke yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, ya sake yankawa kafin a yi girbi, ba rasit, ba ɗaukaka ƙara.

Saboda haka ni dai na karanta Kitsen Rogo a juye. A littafin, ɓarna tana birni, tsira tana ƙauye. A ƙasarmu yanzu ɓarawo ya tare a daji kusa da gonakinmu, manomi ne ke gudu zuwa gari da tabarma a ka. Wanda ya kwana a makarantar firamare da matansa da 'ya'yansa ba kwaɗayin kitse ya kawo shi ba, ransa ya gudo da shi.

Kada wani ya ce ina wanke ɓarawo. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe ɗan'uwansa azzalumi ne, ko talaka ne ko ɗan sarki, kuma hukunci ya wajaba a kansa. Amma ɓera da sata, daddawa da wari. Wa ke kawo bindigogin? Wa ke sayen shanun sata? Wa ke karɓar zinariyar da ake haƙa a inda hukuma ba ta iya taka ƙafa? Waɗannan ba a daji suke kwana ba. Ina roƙon marubutanmu na yau su rubuta mana labarinsu, domin labarin ƙaramin ɓarawo mun ji shi ya ishe mu.

Mu kuwa talakawa, makaminmu ƙuri'a ce. Kowa ya adana katinsa na zaɓe. Duk ɗan takarar da ya zo da atamfa da sabulu, ku tsayar da shi a tsakiyar kasuwa ku tambaye shi yaushe za mu yi noma ba tare da biyan ɗan bindiga ba. In ya kasa amsawa, ku san kitsen rogo ya kawo muku.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.