Mari ba magani ba ne: a horar da 'ya'yan Tuboro su kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa

Iyayena, yayyena da ƙannena na Tuboro, Mbaimbum da ƙauyukan bakin iyaka.

Da yawanku kun san ni a wurin taro. Ni ne tafintan jam'iyya: ɗan takara ya faɗa da Faransanci, ni in juya muku da Hausa. Yau ku ba ni dama in faɗi tawa, a kan wani ciwo da ke cikin gidajenmu amma ba a hawa da shi dandalin siyasa.

Ina da maƙwabci makiyayi da masu garkuwa da mutane suka ɗauke. Aka sayar da shanu, aka biya fansa, ya dawo. Muka yi murna, muka yi sadaka. Sai dai ya dawo ba ya barci, ƙarar babur tana sa shi ɓuya, ya daina zuwa kasuwa. Na raka shi asibiti don in yi masa tafinta. Ya ce wa ma'aikacin: “Zuciyata ta tsinke, har yau ba ta koma wurinta ba.” Na juya maganar da Faransanci yadda na iya. Aka auna bugun zuciyarsa, aka duba jininsa, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ban ga laifin ma'aikacin ba, ga layi har waje, kuma ba wannan aka koya masa ba. Amma ranar na gane cewa irin wannan ciwo ba ya jin tafinta. Sai wanda ya san harshenka, ya kuma san aikin.

Ku duba unguwarku. Ga saurayin da ya fara shan tiramol don ya jure aikin gona ko hayar babur, yanzu ƙwayar ce ke juya shi. Ga mai jegon da ta daina magana, ta ƙi kallon jaririnta. Ga yaron da aka cire daga makaranta saboda farfaɗiya. Ga baƙinmu da suka gudo daga yaƙin Afirka ta Tsakiya da abin da idonsu ya gani. In abin ya yi tsanani, ƙarshensa ɗaya daga biyu ne: a sa wa mutum mari a bayan gida, ko a bar shi yana yawo a tasha yara na jifa. Iyayen da suka ɗaure ɗansu ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi suka yi.

Ina za su kai shi? Manyan wuraren da aka sani da wannan jinya su ne asibitin Jamot a Yawunde da Laquintinie a Duwala. Daga nan sai ka shiga mota zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgin ƙasa, da mara lafiya da mai riƙe shi. Ko Garwa, babban birnin yankinmu, tafiya ce mai cin yini da kuɗin mota. Manomin da ke jiran kuɗin auduga ina zai samo wannan?

Ga abin da jam'iyyarmu ke nema. A Garwa akwai makarantun horar da ma'aikatan jinya, kuma tun 2022 garin yana da jami'arsa. A buɗe ɗan gajeren kwas, shekara ɗaya zuwa biyu, ga yaranmu masu BEPC ko bakaloriya da ke zaune ba aiki. A ware wa Mayo-Rey gurabenta, maza da mata, masu jin Hausa, Fulatanci da Mbum. Su yi gwajin aiki a asibitin Tuboro. In sun gama, a ɗauke su aiki da albashi a ƙananan asibitocin ƙauyukansu, kada takardar ta ƙare a cikin akwati.

Me za su koya? Yadda ake sauraron mutum ba tare da an yi masa dariya ko faɗa ba. Yadda ake bambanta baƙin ciki na ɗan lokaci da ciwon da ke son magani. Yadda ake gane wanda ke tunanin halaka kansa, a tsaya tare da shi. Yadda ake bin mai farfaɗiya har gida don kada ya yanke shan magani. Yadda ake zama da iyali har su yarda su kwance mari. Da kuma sanin iyakarsu: wannan ya fi ƙarfina, a tura shi wurin likita.

Za a ce muku rabin likita haɗari ne. Gaskiya ne, in an sake shi ba mai duba aikinsa. Shi ya sa muke cewa su yi aiki ƙarƙashin ma'aikacin jinya da likita, ba su rubuta magani da kansu ba. Kuma ba mu muka ƙirƙiro hanyar ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirin mhGAP don a koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba wannan aiki. A 1954, likita Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kusa da Abekuta a Najeriya, ana yi musu magani a can. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata zama a benci su saurari masu damuwa. In kaka ta iya, yarinyarmu mai BEPC za ta iya.

Wani zai ce wannan aikin malamai ne da addu'a. Ba mu zo raba kowa da addu'a ba. Mai zazzaɓi ma ana yi masa addu'a, ana kuma ba shi magani. Liman da fasto su ne na farko da iyali ke zuwa wurinsu, don haka da su za a yi aikin.

Za a kuma ce babu kuɗi. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Kamaru ba ta cika wannan alkawari ba. Waɗanda ke riƙe da ƙasar tun 1982 sun samu isasshen lokaci. Audugarmu tana fita, shanunmu suna fita, ana karɓar haraji a kasuwar Mbaimbum. Horar da 'ya'yanmu bai fi ƙarfin wannan dukiya ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, har da namu, ku tambaye shi: yara nawa za ka tura su koyo, yaushe, kuma wa zai biya su albashi? In ya kawo atamfa da sabulu a madadin amsa, kun san matsayinsa. Mu mun rubuta tamu amsar a wannan takarda, ku ajiye ta, ku tuhume mu da ita gobe.

Ku nemi katin zaɓenku tun yanzu. Ranar zaɓe ku fito da wuri, iyaye mata da matasa, ku zaɓi alamar da ke kan wannan takarda, ku tsaya har a ƙirga ƙuri'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana dazuzzukanmu da hanyoyinmu, ya ba mu shugabanni masu tausayi. Amin.