Zuwa ga likitoci: abin da rahoton mara lafiya guda ke iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinsa



Maganata a kan rahoton mara lafiya guda ce, wato ɗan rubutun nan na shafi biyu ko uku da likita kan aika wa mujalla idan ya ga abin da bai saba gani ba. A makaranta an koya muku cewa a tsanin hujja shi ne matakalar ƙasa, can sama kuma ga gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a. Koyarwar daidai take, amma ta haifi kuskure biyu. Wasu sun raina rahoton har sun daina rubuta shi, wasu kuma da zarar sun karanta guda sai su sauya maganin da suke rubuta wa mutane. Ra'ayina shi ne rahoton yana da ƙarfi wajen nuna haɗari ko sabuwar cuta, yana da rauni ƙwarai wajen tabbatar da cewa magani yana warkarwa, kuma likita ya kamata ya san wanne ne a hannunsa.

A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa na Borno, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma daga jinin waɗannan mata aka gano ƙwayar cutar a Jami'ar Yale. Bayanin mutum uku da aka buga a 1970 shi ya ba zazzaɓin suna da siffa, ba wani gwaji mai dubban mutane ba. Haka ta faru da talidomaid, maganin da aka riƙa ba masu juna biyu saboda laulayi da rashin barci tun daga 1957. Widukind Lenz a Hambag da William McBride a Ostireliya, wanda gajeriyar wasiƙarsa ta fito a mujallar Lancet a Disamban 1961, su suka haɗa maganin da jariran da ake haifa da dungulmin hannu da ƙafa. Kafin a farga jarirai fiye da 10,000 abin ya shafa. Dalilin da ya sa gwaji kan rasa irin wannan haɗari, lissafi ne kawai: idan illar magani takan sami mutum 1 cikin 10,000, sai an ba mutum kusan 30,000 kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 na ganinta ko sau ɗaya. Ga shi kuma gwaje-gwaje sukan ware masu ciki, da tsofaffi tukuf, da masu ciwon ƙoda, wato mutanen da ke cika layinku kullum da safe.

Maganar warkarwa kuwa daban ce. Yawancin zazzaɓi yakan sauka da kansa, ciwon sikila yakan tashi ya lafa, kuma mara lafiya kan zo asibiti ne ranar da ciwon ya kai maƙura, saboda haka duk abin da aka ba shi a ranar shi zai kwashe yabo. Rahoton ba ya faɗin mutum nawa aka ba maganin bai yi musu komai ba, domin ba mai zama ya rubuta waɗannan, ba kuma mujallar da ke ɗokin buga su. Har abin da ya fi rahoto guda nauyi ya yaudari likitoci. A shekarun 1980 an ga magungunan flekainaid da enkainaid suna daidaita bugun zuciya bayan ciwon zuciyar da toshewar jijiya ke jawowa, takardar awo tana nuna kyau, sai gwajin kwatance na 1989 ya nuna masu shan su sun fi mutuwa.

Wani zai ce to ina batun insulin? A Janairun 1922 a Toronto aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, allurar, ya farfaɗo daga ciwon sukari, ba wanda ya nemi ƙuri'a. Gaskiya ne, amma a lokacin duk yaron da ya kamu da irin wannan ciwon sukarin mutuwa yake yi, kowa ya san hanyar ciwon, canjin kuma ya zo nan take. Inda aka haɗa waɗannan sharuɗɗa mutum guda ya isa hujja, sai dai samun haka kamar haƙorin kaza ne.

Suka mafi nauyi daga ɗaya ɓangaren take: ashe kukan haɗari shi ma ba ya kisa? A 1998 Andrew Wakefield ya buga bayanin yara 12 yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da ciwon galahanga. Iyaye a Ingila suka guje wa allurar, ƙyanda ta dawo. Binciken Denmark na 2002 a kan yara fiye da 500,000 bai ga alaƙar ba, aka janye takardar Wakefield a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiya a cikinta. Mu da muka ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a 2003 ba ma buƙatar dogon bayani. Amma a lura da inda ɓarnar ta shigo: an gurɓata bayanan, sannan aka tsallake matakin bincike aka kai zato gaban 'yan jarida kamar hukunci. Wannan dalili ne na tsaurara yadda ake rubuta rahoto da wanda ake fara gaya wa.

Saboda haka idan za ku rubuta, ku fara gyara fayil. Rahoto ba ya fitowa daga katin da aka rubuta wa "a ci gaba da magani" kwana biyar a jere. Ku sa rana da sa'ar da aka fara magani, da ranar da ƙuraje ko kumburi suka fito, da abin da ya faru da aka dakatar. Ku tambayi abin da aka sha kafin a zo, na kemis da jiƙon gida, ba da faɗa ba, don idan mai jinya ta ga fuska a murtuke cewa za ta yi ba a sha komai ba. Ku rubuta sauran bayanan da kuka yi zato da yadda kuka kore su. Ƙa'idojin CARE na 2013 sun tsara wannan cikin abubuwa 13. Ku nemi izinin mara lafiya a rubuce, cikin harshen da yake ji, ku kuma tuna baƙin layi a kan ido ba ya ɓoye mutumin da ke da tsagar gado a kumatu, musamman idan an ambaci ƙauyensu. Idan illar magani kuke zato, fom ɗin hukumar NAFDAC ya riga mujalla, domin a can ne za a haɗa naku da na wani likita a wata jihar da ba ku san ya ga irinsa ba.