Shaguna da taswirar intanet: Gurbi uku, masu nema dubbai

Duk wanda ya nemi kantin magani ko shagon takalma mafi kusa da shi a shafin Google, sunaye uku yake fara gani tare da taswira, kafin sauran sakamakon binciken.

A da sunaye bakwai ake nunawa, amma a shekarar 2015 kamfanin ya rage su zuwa uku.

Tun daga lokacin, samun shiga wannan gurbi ya zama tamkar samun rumfa a bakin ƙofar kasuwa, domin mai saye da ke cikin hanzari ba kasafai yake duba na ƙasa ba.

Kamfanin Google, wanda ya ƙaddamar da taswirarsa a shekarar 2005, ya ce abubuwa uku yake dubawa wajen jera shagunan: dacewar shago da abin da ake nema, da tazarar da ke tsakaninsa da mai nema, da kuma shahararsa, wadda ta haɗa da yawan ra'ayoyin da masu saye suka rubuta a kansa.

Wannan tsari yana da ranarsa ga ƙananan 'yan kasuwa.

Yin rajista kyauta ne, kuma saboda ana la'akari da kusanci, ɗan ƙaramin shagon unguwa na iya shan gaban katafaren kanti, muddin ya sa sahihin adireshi da lambar waya da lokutan buɗewa.

To sai dai inda riba take, nan 'yan damfara ke taruwa.

A shekarar 2019 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ba da rahoton cewa akwai kimanin wuraren kasuwanci na bogi miliyan 11 a kan taswirar. Shi kansa kamfanin ya ce ya goge fiye da miliyan 3 a shekarar 2018.

Kowane shagon bogi da ya haye sama, wani na gaskiya ne ya ture.

Akwai kuma batun adireshi. A wurare irin su kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, inda shaguna masu ɗimbin yawa ke cunkushe a gini guda, alamar taswira ba ta iya bambance wannan rumfa da waccan cikin sauƙi.

Babbar taƙaddamar dai ita ce ta iko: kamfanin da ke da taswirar shi ne kuma ke da shafin binciken.

A watan Agustan 2024 kamfanin Yelp ya kai ƙarar Google gaban wata kotun tarayya a San Francisco, yana zarginsa da fifita nasa jerin sunayen a kan na abokan hamayya, zargin da Google ya musanta.

A watan Maris na shekarar kuma, dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai ta sa kamfanin ya cire mahaɗin da ke kai mutum kai tsaye zuwa taswirarsa daga shafin bincike a ƙasashen ƙungiyar.

Ko yaya waɗannan rigingimu suka ƙare, mai shago ba shi da ta cewa a kan ƙa'idojin da ake jera shi da su. Abin da ke hannunsa shi ne gyara bayanansa da kyautata wa masu saye, tun da yabonsu da sukarsu na cikin abin da ake aunawa.